Ba Ƙararrawar Jethro Ba Ce

Masu haƙar yashi ne suka fara ganin gawar, da hantsin ranar Juma'a, a gefen kogin Kaduna ta ɓangaren Barnawa. Damina ta yi nisa, kogi ya kawo, ruwa ya turo ta cikin ciyawa, rigar ta sarƙe da reshen wata bishiya da ta faɗi. Ba don reshen nan ba, da tuni ruwa ya yi gaba da ita.

Sufeto Bello Tanimu ya iso tare da Saja Becky, wadda ta daɗe tana aiki a ƙarƙashinsa. Mutum ne marar yawan magana. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga taɓo, ya tsuguna ya daɗe yana kallo kafin ya bari a taɓa komai.

Tsoho ne siriri mai furfura. Akwai rauni a ƙeyarsa wanda bai yi kama da na dutsen kogi ba. Agogonsa na hannunsa, katinsa na 'yan fansho na aljihun riga: Jethro Didam, Makera. Amma aljihunan wandon duka a zazzage suke, kamar wani ya laluba su cikin sauri.

Becky ce ta ji wani abu mai tauri a ƙugunsa. Ashe akwai ɗan aljihu da aka ɗinka ta cikin wando, irin wanda tsofaffi ke yi saboda masu fizge. Wayarsa na ciki, ta sha ruwa ta mutu.

Bello ya juya ta a hannunsa. Wanda ya lalube aljihunan nan bai ɗauki agogo ba, ke nan wani abu daban yake nema, kuma bai samu ba.

"Kada kowa ya ji mun sami wayar nan," in ji shi. "Ko iyalinsa."

Gidan yana wani lungu a Makera, tsohon gini irin na ma'aikatan masaƙa, da bishiyar gwaiba a tsakar gida da wani tsohon keke jingine a jikinta. Kafin azahar ya cika da mata 'yan coci. Bello ya nemi a ba shi falo, shi da 'yan gida kawai.

Su uku ne. Mama Damaris, matar mamacin, tana zaune a miƙe, idanunta a buɗe amma ba sa bin kowa. Hawan jinin ido ya cinye ganinta, sai haske da duhu kawai take bambancewa. Debby, 'yarsu, nas ce, tana aure a Kamazou. Sai Derrick, ɗan ƙanwar Mama Damaris, wanda aka kawo gidan tun yana firamare, ya girma a nan, yanzu yana da kemis a bakin titi. Shi ne ya je mutuware ya shaida gawar, idanunsa har sun kumbura.

Debby ta ce tun safiyar Talata Baba ya fita da lemarsa, bai ce ga inda za shi ba. Ba su nemi 'yan sanda ba saboda da yammar ranar saƙo ya shigo wayar Mama. Ta miƙa wa Bello wayar. Ga sunan Baba a sama, ga hotonsa da hular coci. Saƙon ya ce an kira shi daga ƙauye, yayansa ba lafiya, ya kama hanyar Zonkwa, kada a damu in ba a same shi ba, sabis ba kyau. Washegari wani ya sake shigowa cewa ya sauka lafiya.

Ta ce ita kam hankalinta bai kwanta ba. Ta yi ta kiran layinsa a kashe, ranar Alhamis ta samu wani ɗan'uwansu a ƙauyen, ya ce ba su ga Baba ba, kuma ba wanda ke kwance.

Likitan da ya duba gawar ya riga ya gaya wa Bello cewa tsohon ya yi kamar kwana uku a ruwa, da wuya in ya wuce ranar Talata da rai.

Derrick ya share fuska ya ce ai magana a fili take, waɗanda suka kashe Baba su suka ɗauke wayarsa suka turo saƙon don a daina nemansa. Da Bello ya tambaya ko tsohon na da abokin faɗa, sai Derrick ya yi kamar ba ya son faɗa, sannan ya ambaci Chinedu, makanike, maƙwabcinsu. Ya ce kwanan baya sun yi cacar baki da Baba a kan baƙin mai da ke gangarowa ƙofar gida, har mutane suka taru.

Bello na rubutawa, amma zuciyarsa na kan wayar da ke cikin leda a motarsa. Wayar da ke ƙasan ruwa tun Talata ba ta tura saƙo ranar Laraba.

"Ba ƙararrawarsa ba ce," in ji Mama Damaris. Karo na farko ke nan da ta buɗe baki.

"Mama, ki huta," in ji Derrick, ya dafa kafaɗarta. Ya juya ga Bello ya rage murya, ya ce tun safe take maganganu haka, kanta bai dawo daidai ba.

Bello ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Garejin Chinedu yana Kakuri, bayan tsoffin gine-ginen masaƙa. Mutum ne kakkaura, an haife shi a Kaduna, Hausarsa ba gargada. Da ya ga kakin 'yan sanda sai ya fara goge hannu da tsumma, ya yi ta gogewa ko da hannun ya bushe.

Ya amsa cewa sun yi faɗa da Baba Jethro, amma sun shirya tuni, shi da kansa ya sa aka gyara magudanar. Ya ce rabonsa da ganin tsohon tun ranar Lahadi bayan coci.

"Ranar Talata fa?"

"Ina nan gareji, Oga. Ban fita ba."

"Ko da mota?"

"Ko da ƙafa."

Becky, wadda ke zagaya motocin, ta tsaya a jikin wata tsohuwar mota ja. Ta tambayi ta wane ce, ya ce tasa ce. A kujerar baya akwai baƙar lema, an ɗaure mariƙinta da jar wayar lantarki. Haka Debby ta kwatanta lemar ubanta.

Chinedu ya zauna a kan wata taya. Ya ce tsoro ne ya sa shi ƙarya, don tun da labarin ya fito ya san shi ne na ƙarshe da aka gani da tsohon, ga kuma faɗan da kowa ya sani. Gaskiyar ita ce, da safiyar Talata Baba ya same shi ya roƙe shi ya kai shi asibitin ido, ya ce kada ya gaya wa kowa a gida. Yana riƙe da wata 'yar kwalba a leda. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, fuskarsa ta canza, suka kamo hanya har suka haye gada. Sai ya ciro waya ya kira wani.

"Me ya ce?"

"Ya ce, ka same ni a lambu yanzu, ba na son ta ji. Shi ke nan ya kashe."

Tsohon na da ɗan lambu a bakin kogi inda yake shuka alayyafo da kuɓewa. Chinedu ya sauke shi a mararrabar da ke gangarawa can, tsohon ya manta lemar, shi kuma ya dawo aiki. Bai ji sunan wanda aka kira ba.

Suna cikin haka matar Chinedu ta kira shi tana kuka. Samarin unguwa sun fara taruwa a ƙofar gidansu, ana cewa shi ya kashe Baba Jethro, wani har ya jefi taga.

Bello ya san yadda irin wannan taro ke farawa a garin nan, ya kuma san yadda yake ƙarewa. Ya kira ofis ya sa aka tura mota ta tsaya a lungun, aka kwashe matar da yara zuwa gidan 'yar'uwarta a Sabon Tasha. Chinedu kuwa ya tafi da shi caji ofis, ya ce masa nan ne kawai zai kwana lafiya.

DPO ya ji daɗin haka, amma ba don dalilin Bello ba. A ganinsa an gama: ga faɗa, ga lema, ga ƙarya. Ya ce a rubuta takardu a miƙa mutumin sama, unguwa ta lafa. Bello ya roƙi a ba shi zuwa gobe da yamma. DPO ya dube shi ta saman tabarau ya ce in samarin nan suka ƙona wani abu kafin lokacin, shi zai yi bayani.

Da safiyar Asabar Bello ya sami likitar idon, wata mace mai sanyin murya. Ta tuna tsohon sarai. Ta ce ta daɗe tana mamakin yadda idon Mama Damaris ke ƙara lalacewa alhali ana ɗiga mata magani safe da yamma, shi ya sa ta ce a kawo mata kwalbar ta gani. Da ta gani, ba ta buƙaci dogon bincike ba. Jabu ne. Kwalin ya yi kama, amma abin da ke ciki bai fi ruwa ba.

Ta ce tsohon ya tambaye ta, da a ce na gaskiya ake ɗiga mata, da yanzu tana gani? Ta gaya masa gaskiya, cewa mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta tambaye shi inda suke saye don ta kai rahoto, ya ce ta ba shi kwana biyu, maganar ta gida ce.

Bello ya fito ya zauna a mota bai tayar ba. Yana da zato yanzu, amma zato ba ya fitar da Chinedu daga sel. Neman bayanan kira daga kamfanin waya kuwa sai an bi takardu, zai ɗauki kwanaki. Becky ta kuma gaya masa abin da ta ji a gidan makoki: gobe da sassafe Derrick zai wuce ƙauye, wai don shirya kabari.

Sun yi sa'a, da suka isa Makera Derrick ya fita wajen mai akwatin gawa. Bello ya sa Debby ta rufe ƙofar falo, ya jawo kujera kusa da tsohuwar.

"Mama, jiya kin ce ba ƙararrawarsa ba ce. Ina son ki fahimtar da ni."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Ta ce Debby ta yi bayani, ita ta haɗa abin.

Debby ta ce tun da idon Mama ya tafi, duk saƙon da ya shigo sai ta rasa na wane ne, ta yi ta jiran wanda zai duba mata. Shi ne wata Lahadi ta zauna ta sa wa kowa sautinsa daban. Ta nuna wa Bello yadda ake yi: a buɗe hirar mutum a WhatsApp, a taɓa sunansa, a shiga wajen sanarwa, a zaɓa masa sautin da ake so, har wanda mutum ya naɗa da kansa. Na Debby dariyar jaririnta ce. Na matan zumunta wata waƙar coci. Na Derrick busar sarewa. Na Baba kuwa, shi ya ce a naɗi ƙararrawar kekensa, wadda yake kaɗawa in ya iso ƙofar gida tun yana aikin masaƙa. Ya tsaya a tsakar gida yana kaɗawa, tana riƙe da waya, suna ta dariya.

"Ko yana bayan gida ya turo, ita nake ji," in ji Mama Damaris. "Kuma Jethro bai taɓa rubuto min ba tun da na daina gani. Magana yake yi, in danna in ji. Ranar Talata abin da na ji shi ne ƙaramin sautin nan na baƙi, irin na masu talla. Sai aka ce min wai Jethro ne."

"Wa ya ce miki?"

"Derrick ne ya karanta min."

Ta ce ta faɗa masa a lokacin cewa sautin ba shi ba ne, ya ce waya ce ta sabunta kanta, takan goge irin waɗannan abubuwa. Ta yarda, don ba ta san kan waya ba. Amma da daddare Debby ta turo saƙo, ta ji dariyar jikanta yadda ta saba.

Bello ya ce wa Debby ta tura wa uwar wani abu yanzu. Ta tura. Dariyar jariri ta cika falon, ta yanke. Ba wanda ya yi murmushi.

"In an goge na mutum ɗaya kawai, me ke nan?" in ji Bello.

Debby ta karɓi wayar, ta buɗe hirar Baba, ta taɓa sunan. Wajen sanarwa babu wani sauti na musamman. Ta ja sama, babu tsoffin saƙonnin muryarsa ko ɗaya, hirar ta fara ne daga ranar Talata. Sai ta dubi lambar da ke ƙarƙashin hoton.

"Wannan ba lambar Baba ba ce," in ji ta. "Na san tasa da ka."

Abin ya fito fili. Wani ya ɗauki wayar tsohuwar, ya goge lambar mijinta da hirarsu, ya ajiye wata lamba da sunansa, ya sa hotonsa. Komai ya yi kama a ido. Sautin ne kawai bai biyo ba, don yana manne da tsohuwar hirar, ita kuma Mama ba da ido take duba waya ba.

Bello ya tambayi su wa ke taɓa wayar. Debby ta ce ita, da Baba, da Derrick. Ya tambayi wa ke kawo maganin ido. Debby ta dubi uwarta.

"Derrick," in ji Mama Damaris. "Bai taɓa bari mun saya a waje ba."

Bello bai gaya musu abin da likita ta ce ba. Bai ga amfanin ɗora mata wannan yanzu ba. Ya nuna wa Becky saƙon da Debby ta tura wa lambar ranar Alhamis daga wayar Mama, tana tambayar ko Baba na lafiya. Alama ɗaya ce a gefensa, ke nan wayar da ke can a kashe take tun lokacin. Ya ce ta zauna da wayar a hannu, kada ta ɗauke ido daga alamar nan. Ya roƙi Mama, in Becky ta ce mata lokaci ya yi, ta danna ta yi magana, ko me ta ga dama.

Ba a jima ba Derrick ya dawo, yana bayanin irin katakon da ya zaɓa. Ya tambaya ko Chinedu ya amsa laifinsa.

Bello ya ce bai amsa ba tukuna, amma ba damuwa. Ya faɗa kamar mai hira, yana tattara takardunsa, cewa gobe masana daga hedikwata za su bi sawun wayar da ta turo saƙonnin nan. Ko an cire layin an yar, in dai asusun WhatsApp ɗin yana nan a kan wayar ba a goge shi ba, za su kai har ɗakin da take. Ba gaskiya ba ne gaba ɗaya, amma ya faɗe shi da fuskar da ba ta nuna komai.

Derrick ya ce Allah ya sa a dace. Ya zauna, ya sha ruwa, ya amsa gaisuwar wasu mata. Can ya miƙe ya ce zai je ya ga fasto a kan tsarin jana'iza.

Bello ya ba shi tazara, sannan ya tsayar da keke napep ya ce a bi a hankali. A mararraba, coci na hannun dama. Motar Derrick ta yi hagu.

Kemis ɗin ƙaramin shago ne tsakanin mai sayar da taya da mai aski, ƙofarsa a rufe tun jiya saboda rasuwa. Derrick ya buɗe rabi ya shige. Bello ya tsaya a bayan wata motar ɗaukar kaya, janareton mai aski na ta ruri, waya a hannunsa. Zufa na bin bayansa. In yaron ya riga ya goge komai kafin ya shiga, ba abin da zai rage sai maganar makauniya a kan sauti, kuma ya san yadda lauya zai yi da ita a kotu.

Wayarsa ta girgiza. Becky ce: alama ta zama biyu, an kunna wayar.

Ya tsallaka titi ya tura ƙofar.

Derrick na bayan kanta. Bello ya ga hannunsa ya yi ƙasa da sauri, sannan ya ɗago yana murmushin dole. Ya ce ya biyo ne ya ɗaukar wa Mama maganin barci kafin ya wuce coci.

Bello ya ce ba komai, shi ma tambaya ɗaya ce ta kawo shi. Ya jingina da kantar, ya tambayi irin maganin idon da Mama ke amfani da shi, da inda ake saro shi. Derrick ya ambaci sunan, ya ce ya ƙare a shago. Idonsa na ta komawa ƙasan kanta. Bello ya ci gaba da tambayoyi marasa kan gado, yaushe ya buɗe shagon, wa ke taya shi, ko wuta na samuwa a layin nan. A ransa yana roƙon kada tsohuwar ta kasa.

Sai wani sauti ya tashi daga cikin kwalin auduga a ƙasan kanta, mai ƙarfi, kamar ana buga ƙarfe.

Derrick bai motsa ba.

"Wayarka ce?"

"Ta shago ce. Masu sayen magani ne ke turo saƙo. Na sa mata mai ƙara ne saboda janareto."

"Ɗauko mu gani."

"Yallaɓai, ba wani abu ba ne."

"To ɗauko."

Da ya ga ba zai ɗauko ba, Bello ya zagaya ya sa hannu cikin kwalin. Ƙaramar waya ce mai fasasshen gilashi, a buɗe take, tana kan shafin da ake goge asusu, saura dannawa ɗaya. Ya koma baya. Hoton da ke kan asusun na Baba Jethro ne da hular coci. Sabon saƙon murya na sama. Ya ajiye wayar a kan kanta tsakaninsu, ya danna.

Aka fara jin numfashi, sannan muryar Mama Damaris, a hankali.

"An ce in yi magana. Ba ni da abin da zan ce wa Jethro, don ba ya ji. Amma kai kana ji. Derrick, in wayar nan tana hannunka, kada ka ƙara yi wa mutumin nan ƙarya. Ka gaya masa abin da ya faru da Babanka."

Bello bai taɓa ambata mata sunan wanda yake zargi ba.

Derrick ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin kwalaye. Da ya fara magana bai tsaya ba. Ya ce maganin na gaskiya ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, sai wani mai kawo kaya ya kawo masa mai sauƙi. Da farko bai san jabu ba ne. Daga baya ya gane, amma lokacin idon Mama ya riga ya yi nisa, ya ji tsoron in ya canza za a tambayi dalili, sai ya ci gaba da kawowa yana ɗiga mata da hannunsa.

Ranar Talata Baba ya kira shi lambu, ya nuna masa kwalbar. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi su koma gida tare, Derrick ya durƙusa gaban Mama ya faɗa mata da bakinsa, sannan su je ya kai kansa ga hukuma, don ba ita kaɗai ya sayar wa ba. Derrick ya roƙe shi ya bar maganar a tsakaninsu. Tsohon ya ce a'a, ya juya ya fara tafiya. Akwai fartanya a kan kunyar shuka, Derrick ya ɗauke ta ya bi bayansa.

"Ban yi niyya ba," in ji shi. "So nake kawai ya tsaya."

Ya nemi wayar tsohon don ya goge kiran, bai samu ba, ya ɗauka ta faɗa ruwa. Ya ja shi zuwa kogi. Da ya dawo gida ya tarar da Mama tana tambayar ko ya ga Baba, ya karɓi wayarta ya ce zai sa mata caji. Maganar Chinedu kuwa, shi ya fara jefa ta a kunnen samarin unguwa.

Bello ya sa masa ankwa, ya kira mota. Ya kira DPO ya ce a saki makanike, a kuma tura wani ya rufe shagon nan da duk abin da ke cikinsa.

Dole motar ta bi ta lungun don ɗaukar Becky. Samarin da suka jefi tagar Chinedu jiya suna tsaye a bakin hanya. Da suka ga wanda ke zaune a baya tsakanin 'yan sanda, sai suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Bello ya shiga shi kaɗai. Ya zauna inda ya zauna ɗazu, ya gaya wa Mama Damaris komai, har maganar kwalbar da abin da likita ta ce, don ya ga gara ta ji daga bakinsa da ta ji a kotu. Debby ta toshe baki ta fita tsakar gida. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta kai hannu ta shafa idanunta, ta sauke.

Ya ce mata Derrick na waje, ya roƙi a bar shi ya shigo ya durƙusa.

"Ba yau ba," in ji ta.

Ta kira Debby, ta ce ta nemo mata lambar ƙanwarta, uwar Derrick, a Zonkwa. Debby ta ce Mama ki bari sai gobe, ko ki bar fasto ya kira ta.

"Ni ta ba shi yana ƙarami," in ji Mama Damaris. "Ni zan gaya mata."

Bello ya ɗauki hularsa. Yana bakin ƙofa ya ji an ɗaga a can ɓangaren, wata murya tana tambayar ko an sa ranar jana'iza. Ya ja ƙofar a hankali, ya fita ya shiga gaban mota, ya ce wa direba su tafi.